Bakin Maras Lafiya da Nimoniyar da Ake Ɗauka a Gadon Asibiti

A cikin cututtukan da mutum kan ɗauka bayan an kwantar da shi a asibiti, nimoniya tana sahun gaba wajen yawa da wajen kisa, amma kuma ita ce jama'a suka fi jahiltar inda take fitowa. Nimoniya dai kumburi ne da ƙwayoyin cuta ke haddasawa a ƙananan jakunkunan iska na huhu, har su cika da ruwa da mugunya, iskar da aka shaƙa ta kasa ratsawa zuwa cikin jini. Likitoci suna kiran ta nimoniyar asibiti idan ta bayyana bayan awa 48 ko fiye da kwantar da mutum, alhali babu alamar ya zo da ita daga gida. Idan dattijon da aka kawo saboda karayar ƙugu ya wayi gari a rana ta biyar da zazzaɓi da tari da haki, dangi kan ɗora laifin a kan fankar ɗaki ko sanyin asuba ko tagar da aka bari a buɗe. Binciken shekaru fiye da hamsin ya nuna cewa mafi yawan ƙwayoyin da suka kwantar da huhun nasa daga cikin bakinsa suka gangara.

Girman matsalar ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce a cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi za su ɗauki aƙalla cuta ɗaya a can, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka ba ya tashi. A Amurka, inda ake ƙidaya irin waɗannan cututtuka da kulawa, binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta gudanar a asibitoci 183 a 2011, da wanda ta sake a asibitoci 199 a 2015, duka sun sa nimoniya a kan gaba, sun kuma nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na masu ita ba a kan na'urar taimaka wa numfashi suke ba. Wannan batu yana da muhimmanci, domin an daɗe ana ɗaukar cutar a matsayin matsalar sashen kulawa ta musamman kaɗai, inda ake zura wa maras lafiya roba a maƙogwaro a haɗa shi da na'ura. Wani nazari da aka buga a 2023, wanda ya bi bayanan asibitoci 284 na Amurka, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin 200 da aka kwantar yana kamuwa da ita ba tare da ya taɓa hawa na'urar ba, kuma fiye da kashi ɗaya cikin biyar na waɗannan a asibitin suke cikawa. Ke nan a manyan ɗakunan maza da na mata, inda gadaje suke jere nas ɗaya tana kula da mutum goma ko fiye, a nan ne cutar ta fi yin ɓarna, kuma a nan ne aka fi ƙarancin sa mata ido.

Fahimtar yadda baki ya shigo cikin lamarin tana buƙatar a san halin bakin mai lafiya. Nau'o'in bakteriya da aka gano suna zama a bakin ɗan Adam sun kai wajen 700, kuma galibinsu ba sa cutarwa, hasali ma suna tare wuri ne su hana miyagu samun gindin zama. Yawu, wanda jiki ke samarwa tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, yana wanke baki ba dare ba rana, yana kuma ɗauke da sinadaran da ke kashe ƙwayoyin cuta. Taunar abinci da magana da haɗiya su ma sharar baki ne. Da zarar ciwo ya yi tsanani, wannan tsari yakan rushe cikin kwanaki kaɗan. A 1969, likita Waldemar Johanson da abokan aikinsa a birnin Dalas na Amurka suka nuna cewa wasu bakteriya da ba kasafai ake samun su a maƙogwaron mai lafiya ba suna mamaye maƙogwaron waɗanda ke kwance a asibiti, kuma gwargwadon tsananin ciwon mutum gwargwadon yawan mamayar. Irin waɗannan ƙwayoyi, kamar Klebsiella da Pseudomonas da Acinetobacter, tare da Staphylococcus aureus, su ne dai ake tsinta a huhun masu nimoniyar asibiti, kuma da yawansu sun riga sun bijire wa magungunan da aka saba bayarwa.

Inda suke samun maɓoya shi ne dauɗar haƙori, wato wannan farin abu mai danƙo da ke taruwa a gindin haƙora da kan dasashi idan aka kwana ba a goge baki ba. Ba guntun abinci ba ne kamar yadda ake zato. Tarin bakteriya ne da suka manne wa juna suka lulluɓe kansu da wani yauƙi da ke kare su daga yawu da magani, shi ya sa kurkure baki da ruwa ba ya fitar da shi, sai an sa abu an kankare. Frank Scannapieco, masanin haƙori na Jami'ar Buffalo a jihar New York, ya nuna a 1992 cewa dauɗar haƙoran mafi yawan marasa lafiyan da ke sashen kulawa ta musamman tana ɗauke da ƙwayoyin da ke kama huhu, saɓanin ta masu zuwa ganin likitan haƙori da ƙafarsu. A 2004 wani binciken daga birnin ya ƙara ƙarfafa hujjar, domin an gwada ƙwayoyin halittar bakteriyar da aka ɗebo daga huhun wasu tsofaffi masu nimoniya, aka tarar a mafi yawansu iri ɗaya ce da wadda aka ɗebo tun farko daga haƙoransu.

Duk wanda ya haska tocila a bakin mutumin da ya yi mako guda a kwance ba ya iya taimakon kansa zai ga abin da alƙaluma ba sa nunawa. Leɓɓa sun tsage sun yi ɓawo, harshe ya bushe ya yi fari ko ruwan ƙasa, busasshen kaki ya manne a ganɗa, ragowar kunu ta maƙale a lungun kumatu, dasashi ya kumbura yana zubar da jini da an taɓa shi. Abubuwa da dama ne suka haɗu suka kawo haka: mutum yana numfashi da baki a buɗe, iskar oksijin da ake ba shi tana ƙara busar da shi, an hana shi ci da sha saboda tiyata, zazzaɓi ya ƙone ruwan jikinsa, ga kuma magunguna masu rage yawu, irin na sa fitsari da na kwantar da hankali da na rage raɗaɗi. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka ba shi domin ciwon da ya kawo shi su ma sukan share bakteriyar kirki ta baki, su bar fili ga masu taurin kai.

Tarin ƙwayoyin a baki ba zai zama nimoniya ba sai sun sami hanyar gangarawa, kuma hanyar a buɗe take fiye da yadda ake tsammani. Kowa ya san ƙwarewa, inda ruwa ko abinci ke kuskure hanya ya faɗa maƙogwaro, mutum ya yi ta tari har idanu su kawo ruwa. Akwai kuma wata ƙwarewar ta ɓoye, wadda ɗigon yawu ne ke silalewa zuwa hanyar iska ba tare da tari ba. Wani gwaji da aka buga a 1978 ya gano cewa kashi 45 cikin ɗari na mutane masu ƙoshin lafiya suna yin irin wannan idan barci ya yi nauyi, adadin kuma ya kai kashi 70 a cikin waɗanda hankalinsu ya gushe. Mai lafiya ba ya cutuwa da ita, saboda yawun nasa ba ya ɗauke da miyagun ƙwayoyi masu yawa, tarinsa yana da ƙarfi, ƙananan gashin da ke shimfiɗe a hanyoyin iska suna turo majina sama, sojojin jini da ke cikin huhu kuma suna cinye abin da ya saura. Nimoniya tana samuwa ne idan ƙwayoyin sun yi yawa, kwararar ta ƙaru, garkuwar kuma ta yi rauni, kuma duk abin da likitoci ke lissafawa a matsayin mai ƙara haɗari yana komawa ne ga ɗaya daga cikin waɗannan uku.

Mai shanyewar ɓarin jiki yana cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari. Kusan rabin waɗanda ciwon ya kama suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, kuma wanda ke da wannan matsala haɗarin nimoniyarsa ya ninka na wanda ba shi da ita kusan sau uku. Ɓangaren fuskar da ya shanye ba ya jin abin da ya taru a cikinsa, don haka abinci kan kwana a kumatu, hannun da ya saba riƙe buroshi kuma wataƙila shi ne ya mutu. A nan ne ƙauna kan yi ɓarna ba da gangan ba. Mai jinya, ganin ɗan'uwansa ya kwana biyu bai sa komai a ciki ba, sai ya ɗauko koko ko shayi ya riƙa ɗura masa da cokali yana kwance rigingine, alhali abu mai ruwa-ruwa shi ne ya fi saurin kuskure hanya. Muryar da ta koma kamar ana kurkurar ruwa bayan haɗiya, ko tarin da ke biyo kowane cokali, ko abincin da ke dalalowa ta gefen baki, duk alamu ne da ya kamata su sa a dakata a kira ma'aikaciyar jinya. Shi ya sa ƙa'idojin kula da masu wannan ciwo suka tanadi a gwada haɗiyar mutum kafin a ba shi ko da maƙwarwar ruwa ko ƙwayar magani.

Tsufa shi kansa yana rage ƙarfin tari da na haɗiya, haka nan ciwon mantuwa, da ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da rashin abinci mai gina jiki, da tsohon ciwon huhu na masu shan taba. Wanda aka yi wa tiyata a ƙirji ko a saman ciki yana tsoron jan dogon numfashi da yin tari saboda zafin ɗinki, sai ƙasan huhunsa ya lotse majina ta kwanta. Allurar barci da magungunan rage raɗaɗi masu ƙarfi suna kashe faɗakarwar maƙogwaro. Robar ciyarwa da ake zurawa ta hanci, ko da yake tana ceton rai, tana hana ƙofar ciki rufuwa sosai, abin da ke ciki ya riƙa tasowa, kuma abin takaici shi ne bakin mai irin wannan roba ne aka fi mantawa da shi, bisa tunanin cewa wanda ba ya ci da baki ba ya buƙatar wankin baki. Akwai kuma magungunan gyambon ciki irin su omefirazol, waɗanda ake rubuta wa marasa lafiya da yawa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Suna rage tsamin ciki wanda shi ne ke kashe bakteriyar da aka haɗiye, kuma wani nazari da aka yi a wani asibitin koyarwa na birnin Boston, aka buga a 2009, ya danganta su da ƙarin haɗarin nimoniyar asibiti da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Yanayin kwanciya ma yana da nasa tasirin. A wani gwaji da aka yi a Basalona ta ƙasar Sifen, aka buga a 1999, an raba masu amfani da na'urar numfashi gida biyu, wasu a kwance shame-shame, wasu an ɗaga musu kan gado, sai nimoniya ta kama kashi 34 cikin ɗari na rukunin farko, kashi 8 kacal na rukuni na biyu. Daga nan ne ɗaga kan gado tsakanin digiri 30 zuwa 45 ya zama doka a sassan kulawa ta musamman.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko tsaftace bakin yana hana cutar da gaske. Amsar farko mai ƙarfi daga Jafan ta zo. Likitan haƙori Takeyoshi Yoneyama da abokan aikinsa sun bi tsofaffi 417 a gidajen kula da tsofaffi 11 har tsawon shekara biyu, rabinsu ana goge musu baki bayan kowane cin abinci, ƙwararru kuma suna duba su sau ɗaya a mako, sauran rabin aka bar su a kan abin da suka saba. Sakamakon da aka buga a 2002 ya nuna nimoniya ta kama kashi 19 cikin ɗari na waɗanda aka bari, kashi 11 na waɗanda aka kula da bakinsu, mace-macen da ta jawo kuma sun ragu da fiye da rabi. Har tsofaffin da ba su da haƙori ko ɗaya sun amfana, abin da ke nuna cewa harshe da dasashi da ganɗa ma matattara ce. A ƙarshen 2023, Selina Ehrenzeller da Michael Klompas na Jami'ar Harvard suka tattara gwaje-gwaje 15 da aka yi a asibitoci, suka gano cewa goge haƙori kullum yana rage nimoniyar asibiti da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana rage mutuwa a sashen kulawa ta musamman da kusan kashi ɗaya cikin biyar, yana kuma rage kwanakin da mutum ke yi a kan na'ura. Sau biyu a rana ya wadatar, domin waɗanda aka goge wa sau uku ko huɗu ba su nuna wani fifiko ba.

Tarihin maganin kurkure baki mai suna kulohekzidin ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna yadda asibitoci kan fifita abin da ke cikin kwalba a kan aikin hannu. Tun daga tsakiyar shekarun 1990, bayan da aka ga amfaninsa ga waɗanda aka yi wa tiyatar zuciya, shafa shi a bakin masu na'urar numfashi ya bazu a duniya, har ya kusa maye gurbin buroshi, saboda ya fi sauƙi da sauri. A 2014 wasu nazarce-nazarce biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Birtaniya, suka tayar da shakku, na Birtaniyan ma ya nuna alamar ƙarin mace-mace a cikin waɗanda aka shafa wa. Wani babban gwaji a Kanada, wanda aka buga a 2021, ya janye maganin daga sassan kulawa ta musamman ya maye shi da tsararren goge baki, ba a ga ƙarin mutuwa ko ƙarin cuta ba, lafiyar bakin ma ta inganta. Da ƙungiyoyin masana yaƙi da cututtukan asibiti na Amurka suka sabunta ƙa'idojinsu a 2022, sai suka sa goge haƙori cikin ayyukan da ba makawa, suka kuma daina ba da shawarar amfani da kulohekzidin ga kowa da kowa.

Gaskiya ne cewa mafi yawan waɗannan gwaje-gwaje a kan masu na'urar numfashi aka yi su, kuma hujjar da ta shafi manyan ɗakuna ta fi dogara ne a kan kwatanta halin asibiti kafin da bayan sauya tsari, wanda bai kai gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a ƙarfi ba. Duk da haka sakamakon yana fuskantar alƙibla ɗaya. Wani asibiti a Sakaramento ta jihar Kalifoniya, ƙarƙashin jagorancin ma'aikatan jinya Barbara Quinn da Dian Baker, ya ba da rahoton raguwar kashi 37 cikin ɗari a shekara guda bayan ya wadata ɗakuna da kayan goge baki ya horar da ma'aikata. Asibitocin tsofaffin sojoji na Amurka sun fara irin wannan shiri a garin Salem na jihar Bajiniya a 2016, daga baya suka yaɗa shi ko'ina. Asibitin Jami'ar Zurik a Suwizalan ya haɗa abubuwa biyar, wato tsaftar baki da gwajin haɗiya da tayar da maras lafiya daga gado da dakatar da maganin gyambon ciki marar dalili da motsa numfashi, ya sami raguwar kashi 31 cikin ɗari kamar yadda aka buga a 2023. Idan aka auna arhar buroshi da ƙarancin illarsa da kuɗin allurai masu tsada da ƙarin kwanakin gado, jiran cikakkiyar hujja kafin a fara ba shi da wata ma'ana.

Abin da ke hana aikin gudana shi ne ba a ɗora shi a wuyan kowa ba. Likita yana ganin aikin nas ne, nas tana fama da allurai da ƙarin ruwa da wankin ciwo, likitan haƙori kuma yana can sashensa ba ya shiga zagayen safe. Ana lissafa wankin baki tare da gyaran gado da taje kai, a matsayin kyautatawa da za a yi idan lokaci ya samu, alhali matsayinsa na riga-kafi ne daidai da wanke hannu. A asibitocin ƙasar Hausa lamarin yana da wata fuska, domin mai jinya, wato ɗa ko 'ya ko mata ko ƙanwa da ke shimfiɗa tabarma a gefen gado, shi ne ke ciyarwa da wankewa da juya maras lafiya. Hannun da zai yi aikin yana nan dare da rana, abin da ya rage shi ne a nuna masa yadda ake yi. Al'adar ma ba baƙuwa ba ce ga mutanen da suka tashi da asuwaki a kowace alwala, kuma malamai suna karantar da yadda Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta tausasa asuwaki ta miƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a cikin ciwonsa na ƙarshe. Wanda ke cikin hayyacinsa yana iya ci gaba da asuwakinsa a gadon asibiti, amma ga wanda hankalinsa ya gushe ko haɗiyarsa ta lalace, ƙaramin buroshi mai laushi ya fi aminci, saboda zaren itacen yana iya gutsurewa ya faɗa maƙogwaro.

Yadda ake yin aikin ga wanda ba ya iya yi da kansa yana buƙatar natsuwa fiye da ƙwarewa ta musamman. Mai yi zai wanke hannunsa, ya zaunar da maras lafiya ko ya ɗaga kan gado, idan kuma ba zai zaunu ba a juya shi gefe fuska tana kallon ƙasa kaɗan yadda ruwa zai zubo waje. Man goge baki kamar ƙwayar wake ya isa, ruwa kuma ɗan kaɗan, domin kumfa mai yawa shi kansa abin ƙwarewa ne. Ana bin gindin haƙora inda suka haɗu da dasashi, ciki da waje, na kimanin minti biyu, sannan harshe daga baya zuwa gaba, sannan a share lungun kumatu da ganɗa da tsabtataccen ƙyalle mai laima, a shafa wa leɓɓa abin da zai hana su tsagewa. Ba a zuba wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki da sunan kurkura, ba a kuma sa yatsa tsakanin haƙoransa. Ɗan jinin da ke fitowa daga kumburarren dasashi ba dalilin dainawa ba ne, yakan ragu bayan kwanaki, sai dai ga mai matsalar daskarewar jini ko mai karɓar maganin daji, wanda dole a tuntuɓi likita tukuna. Haƙoran roba ana cire su da dare a wanke, domin wani bincike a Tokiyo a kan tsofaffi masu shekara 85 zuwa sama ya nuna kwana da su a baki yana ninka haɗarin nimoniya fiye da sau biyu.

Asibitocin da suka ga sauyi ba da wa'azi suka same shi ba. Sun sa buroshi da man goge baki cikin kayan da ake ba kowane mutum ranar da aka kwantar da shi, sun buɗe gurbi a takardar da ke rataye a ƙafar gado inda ake sa hannu safe da dare kamar yadda ake yi wa awon zafin jiki da hawan jini, sun sa duba baki cikin binciken farko na nas, sun kuma fara ƙidaya masu kamuwa da nimoniya a kowane ɗaki wata-wata, yadda shugabar ɗakin za ta ga ko adadin yana hawa ko yana sauka. Inda masu jinya ne ke ɗauke da nauyin kulawa, ƙarin da ake buƙata shi ne nas ta tsaya minti biyar a ranar farko ta goge bakin maras lafiya a gaban ɗan'uwansa, sannan ta miƙa masa buroshin ya gwada tana kallo.